Hostel, haya ko gidan gwaggo: ina sabuwar ɗaliba za ta zauna a jami'ar cikin birni?

"Malam, barka da aiki. Na samu gurbin karatu a wata jami'a da ke tsakiyar babban birni, nan da mako uku za mu fara rajista. Gwaggona tana zaune a birnin, amma can ɗaya gefen. Na gwada hanyar sau ɗaya, mota biyu na hau, sai da na yi awa ɗaya da rabi kafin in isa. Baba yana so in zauna a wurinta tunda ba sai an biya haya ba. Ni kuma ina jin ana cewa hostel akwai cunkoso da sata, haya kuma akwai tsada. Ban taɓa zama a babban gari ba. Yaya rayuwar ɗalibi take a irin wannan wuri, kuma ina ya fi in zauna don kada karatuna ya lalace?"

'Yata, ina taya ki murna, Allah Ya sa a fara a sa'a. Kin tambayi yadda ranar ɗalibi ke tafiya a jami'ar cikin birni, kin kuma tambayi wurin kwana. A wurina tambayar ɗaya ce, domin inda kika kwana shi ke yanke ƙarfe nawa za ki tashi, lacca nawa za ki samu tun daga farkonta, da ko za ki iya buɗe littafi bayan magariba ko barci zai yi awon gaba da ke. Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, dalili ya biyo baya: da hanyar awa ɗaya da rabi, gidan gwaggo ya fi sauran biyun tsada, duk da ba za a karɓi ko kwabo a hannunki ba.

Jami'ar da aka gina a bayan gari tana tara komai cikin katanga ɗaya, aji da laburare da asibiti da wurin kwana, ɗalibi na iya yin wata bai leƙa waje ba. Ta cikin birni ba ta da wannan fili. Gari ya riga ya kewaye ta, ƙasa ta yi tsada, don haka gadajen hostel ba su kai yawan ɗalibai ba, wani lokaci ma tsangayoyin a warwatse suke, wannan a wata unguwa, waccan a wata. Jami'ar New York a Amurka ko katanga ba ta da ita, gine-ginenta suna cuɗe da na gari. Ɗalibin irin wannan jami'a yana raba titi da ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta, kuma laccar ƙarfe 8 na safe tana faɗawa daidai lokacin da kowa ya fito. Akwai riba, ba a musu: manyan asibitoci da kamfanoni da ofisoshin da za ki nemi horon aiki suna kusa. Amma birni yana karɓar ladansa da lokaci da ƙananan kuɗi, kaɗan-kaɗan, ta yadda ba a ankara.

Lissafin awa 168

Mako awa 168 ne ga kowa. Masana barci sun ce mai shekara 18 zuwa 25 yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare. Mu ɗauki 8, ya zama 56. A ce kin yi rajistar kwasa-kwasai masu yunit 18 a zango, wato kusan awa 18 a aji kowane mako. Abin da sababbin ɗalibai ba su cika sani ba, yunit ba zaman aji kaɗai yake ƙirgawa ba. A tsarin Amurka, wanda jami'o'i da yawa suka ara, kowace awa ɗaya a aji tana tafe da aƙalla awa biyu na karatun kai, tsawon mako 15 ko kusa da haka. A Turai an yi lissafin da wata siga: kiredit, wato nasu yunit ɗin, 60 a shekara, kowanne awa 25 zuwa 30, jimilla awa 1,500 zuwa 1,800. Ta duk inda aka ɓullo, karatun jami'a aikin cikakken ma'aikaci ne. To awa 18 na aji sun jawo 36 na karatun kai. Haɗa da barci, 110. Wanka da cin abinci da ibada da wanki da gyaran ɗaki, ki ba su awa 3 a rana, 21 ke nan. Abin da ya rage 37.

Yanzu shigo da hanyar gidan gwaggo. Zuwa da dawowa awa 3, sau kwana biyar, awa 15 a mako. A zango mai mako 15 ya zama awa 225. Kwas mai yunit 3, da ajinsa da karatunsa, awa 135 yake ci a zango. Kin ga kamar kin ƙara wa kanki kwas ɗaya da rabi har da ɗoriya, waɗanda babu malamin da zai ba ki maki a kansu.

Kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sau ɗaya kika gwada hanyar, ba ki ce da ƙarfe nawa ba. In da hantsi ne ko da azahar, ba ki ga hanyar ba tukuna. Mai hawa mota biyu jira biyu yake yi, kuma in ta farko ta makara da minti goma, ta biyu na iya mayar da shi rabin awa. Mai laccar safe ba ya fita da lissafin ranar da hanya ta yi kyau, dole ya fita da lissafin ranar da ta ɓaci, ranar ruwan sama ko ranar da babbar mota ta lalace a kan gada. Ma'ana don ki zauna a aji ƙarfe 8, kafin ƙarfe 6 kin bar gida. A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayanin cewa mutane, tun zamanin tafiyar ƙasa har zuwa na mota, kimanin awa ɗaya suke ba zirga-zirga a rana. Ke za ki riƙa yin ninki uku na wannan.

Za a ce miki ai kina iya karatu a mota. Kina iya bitar 'yan katunan da kika rubuta, ko sauraron wani abu a waya, in kin samu kujera. Amma ba a warware lissafi ko rubuta jinga a matse tsakanin mutum biyu, jaka a cinya, ido na kan aljihu.

Wuraren uku

Gidan gwaggo yana da abin da kuɗi ba ya saye. In zazzaɓi ya kama ki da dare akwai mai duba ki, akwai abinci a dafe, hankalin iyaye a kwance. Da hanyar ba ta wuce minti 45 ba, kuma mota ɗaya ce, da shi zan zaɓar miki ba tare da dogon tunani ba. Amma ki lissafa abin da ba a gani. Hawa huɗu a rana, kwana 22 a wata, hawa 88 ke nan, ban da abincin rana da dole ki saya a waje tunda ba za ki koma gida ba. Sannan a gidan gwaggo ke ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. In kin dawo a gajiye kin tarar da wanke-wanke, ko an ce ki riƙe yaro, ba ki da bakin cewa kina da tes gobe, kuma ba laifin kowa ba ne. Akwai kuma maganar dare: aikin ɗakin gwaje-gwaje da tutoriyal da karatun rukuni sukan kai yamma liƙis, gida kuma yana da lokacin rufe ƙofa. A aikin ba ɗalibai shawara, abin da na fi gani ga masu doguwar hanya ba faɗuwa jarrabawa farat ɗaya ba ne. Suna fara barin laccar safe ɗaya, sai ta yamma ɗaya, har mako na shida ya zo ba su san inda aka kwana a kwas biyu ba. Jami'o'i da yawa kuma suna da dokar halarta, wasu kashi 75 cikin 100, wanda bai kai ba ba ya zama jarrabawa.

Hostel kuwa, abin da kika ji gaskiya ne. Akwai cunkoso, akwai hayaniya, akwai layin banɗaki da safe, waya da caja da bokiti suna yin ƙafa. Duk da haka shi nake fara ba 'yar shekarar farko shawara, saboda abu biyu. Na farko ƙafarki ce motarki, minti goma kin isa aji. Na biyu labari. A jami'a rabin abin da ke ceton ɗalibi ba a allon sanarwa yake ba: an sauya ɗakin lacca, malami ya matso da tes, ga tsofaffin tambayoyin jarrabawa a hannun wata 'yar aji uku, ga ofishin da ake sa hannu a takardar rajista yana tashi da wuri. Mazauna hostel suna jin wannan a bakin famfo, mai zuwa daga nesa sai ta iso ta tarar an gama.

Ki nemi gado ranar da aka buɗe nema, ba washegari ba, domin yana ƙarewa da sauri, kuma jami'o'i da dama suna fifita 'yan shekarar farko. Kada ki sayi gado a hannun wata ɗaliba. Rasit ba sunanki ba ne, ranar da aka zo bincike ke za a fitar, kuɗin kuma ya tafi. Ki zo da kwaɗo biyu masu kyau, ɗaya na loka ɗaya na akwati, da fitila mai caji, da abin toshe kunne. Ki duba ɗinkin katifa da lungunan gado tun kafin ki shimfiɗa zani: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma wanki da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius yana kashe su a jikin tufafi. Maganar 'yan ɗaki a yi ta a makon farko, tun ana ganin girman juna: ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa ke shara yaushe, ana aron kaya ko ba a aro, baƙi har ƙarfe nawa. Tun ran gini ran zane. In an bari sai rai ya ɓaci, ba doka ake kafawa ba, faɗa ake yi.

Abu ɗaya na lafiya da ba na wasa da shi a wurin kwanan jama'a shi ne sanƙarau, domin cunkoso yana taimaka masa yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ke ko 'yar ɗakinki, asibiti a daren nan, ba sai gari ya waye ba. Akwai allurar rigakafinsa, ki tambaya a asibitin jami'a lokacin gwajin lafiya na rajista. Haka tarin da ya wuce mako biyu, a je a duba.

Kafin ki biya kuɗin ɗaki

In gado bai samu ba, sai haya, kuma a nan aka fi cutar sababbin ɗalibai. Ƙa'idar farko: nisan da ƙafa za ta kai ki cikin minti 20 zuwa 25. Ɗaki mai araha da sai an hau mota, in kin haɗa kuɗin motar shekara, sau da yawa ya kamo mai tsadar da ke kusa. Raba ɗaki da mutum ɗaya ko biyu a kusa ya fi zama ke kaɗai a nesa.

Ki je ganin ɗakin sau biyu, da rana da kuma bayan magariba, tare da babba. Da rana ki buɗe famfo da hannunki, kada ki tsaya ga "akwai ruwa" na dillali. In kin ga jarkoki da bokitai jere a tsakar gida, sun riga sun ba ki amsa. Ki ɗaga kai ki dubi silin, tabo mai launin ruwan ƙasa a kusurwa yoyo ne. Ki shafa bango ta ƙasa, in fenti na ɓarewa yana zuba kamar gari, danshi ne, littattafanki da tufafinki za su yi fumfuna. Ki soka cajar wayarki a kowane soket, ki duba ko bakinsa ya yi baƙi. Ki rufe ƙofa ki tura ta da kafaɗa, ki dubi sakata da ƙarfen taga. Ki tsaya tsakiyar ɗakin ki ga ko waya na kama sabis, don yanzu rajista da sanarwa da miƙa jinga duk ta intanet suke bi. Da dare kuma abin dubawa daban ne: akwai fitila a lungun, su wa ke zama a bakin hanya, ƙarar me ake ji. Sannan ki samu wata ɗaliba da ke zaune a gidan, ba a gaban mai gida ba, ki tambaye ta abu ɗaya: in abu ya lalace, kwana nawa ake yi kafin a gyara?

Kada kuɗi ya fita sai kin tabbatar wanda ke karɓa shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, domin a farkon shekarar karatu ake samun mai karɓar kuɗin ɗaki ɗaya a hannun mutum uku. A rubuta yarjejeniya: ranar shiga da ta fita, wa ke biyan wuta da ruwa da kwashe shara, mita ɗaya ce ga gidan duka ko kowa da tasa, kuɗin ajiya nawa kuma da wane sharaɗi ake mayarwa. Ranar shiga ki ɗauki hoton kowane tsagu da kowane karyayyen abu.

Wuta biyu ke kashe ɗalibai a ɗakunan haya, kuma duka ana iya kauce musu. Ta farko lodin lantarki. Inda wuta take volt 230, filogi mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000 (wat shi ne ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja). Cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, ta kwamfuta 45 zuwa 65, waɗannan ba komai. Amma butar lantarki kaɗai tana jan wajen 2,000, dutsen guga da murhun lantarki kowanne 1,000 ko fiye. Haɗa biyu daga cikinsu a kan ekstenshan ɗaya mai siririyar waya, sai ta yi zafi, roba ta narke, sau da yawa a ƙarƙashin katifa ko bayan labule inda ba a gani. Duk abin da ke ɗumama wani abu, a soket na bango, shi kaɗai. Ta biyu hayaƙin da ba ya wari ba shi da launi, wanda janareta da gawayi ke fitarwa. Yana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau 200 da wani abu, mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, shi ke nan. Janareta a waje, kamar mita 6 daga taga da ƙofa, gawayi kuma ba ya kwana a ɗaki a rufe komai sanyi. In babu firiji, dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, ki dafa daidai ci.

Awannin da ke tsakanin lacca

Duk inda kika zauna, a nan ake cin zango ko a faɗi. Jadawalin jami'a ba irin na sakandare ba ne. Za ki ga lacca 8 zuwa 10, sai wata 2 zuwa 4, tsakani awa huɗu ba mai tambayarki ina kike. Mai gida kusa takan koma ta kwanta. Mai gida nesa takan zauna a inuwa ana hira, ko a fita gari, birni kuwa ba ya rasa abin kallo. A mako irin waɗannan awanni sukan kai goma ko fiye, kuma su ne mafi kyawun lokacin karatunki, tunda ido a buɗe yake, laburare a buɗe, malamai suna ofis.

Ga yadda nake cewa a yi. A makon farko ki zagaya ki samu kujera ɗaya, a laburare ko wani aji da ba a cika shiga ba, nesa da ƙofa, kusa da soket. Ki mayar da ita ofishinki. Kina fitowa daga lacca, kafin abinci kafin hira, ki ba abin da kika rubuta minti 20. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan koyo, daga baya take lafawa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Tsarin rubutu na Cornell, wanda Walter Pauk ya fito da shi a shekarun 1950, an yi shi ne don wannan: ki ja layi a hagun shafi, faɗin kamar santimita 6, ki bar kamar santimita 5 a ƙasa. Bayanin malami a babban filin dama. Bayan lacca ki mayar da kowane batu tambaya a filin hagu, ki taƙaita shafin cikin layi biyu ko uku a ƙasa. Ranar bita ki rufe dama da takarda, ki amsa tambayoyin hagu da ka.

Rufewar nan ita ce aikin. A 2006 wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai a Amurka: wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tunowa. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda abin ya juye, masu tunowa suka wuce su. Shi ya sa mai karanta handawut sau biyar take jin ta iya, ta shiga jarrabawa ta ga kamar ba ta taɓa gani ba. Sabo da shafi ne ya yaudare ta.

Jinga kuma ki ninka lokacin da kika zata. Wani bincike na 1994 a Kanada ya tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kwana nawa aikin bincikensu zai ci. A matsakaici suka ce kusan 34, ya ci musu kusan 56. Ki sa wa kanki ranar gamawa kwana biyu kafin ta malami, don ranar miƙawa ce wurin buga takarda ke cika, intanet ke tsayawa. Kwanan zaune daren jarrabawa kuwa cinikin asara ne, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya. Sinadarin kafin da ke cikin kofi da abubuwan sha masu hana barci yana yin kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda kika sha ƙarfe 6 na yamma rabinsa na nan ƙarfe 11 na dare.

Abin da ya sa nake matsa wa shekarar farko

Saboda yadda ake lissafin GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Kowane kwas ana ninka makinsa da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit. Wasu jami'o'i ma'auninsu 4 ne, wasu 5. Mu ɗauki na 5, inda A ke da maki 5, B 4, C 3, D 2. Kwas mai yunit 3 kin ci A, 15. Wani mai 3 kin ci C, 9. Mai 2 kin ci B, 8. Mai 4 kin ci D, 8. Jimilla 40 a kan yunit 12, GPA 3.33. In kin ɗaga mai yunit 2 daga B zuwa A, kin koma 3.50. In mai yunit 4 kika ɗaga daga D zuwa B, kin koma 4.00. Don haka lokacinki ya bi nauyin yunit, ba kwas ɗin da ya fi miki daɗi ba, kuma in babban kwas ya faɗo ƙarfe 8 na safe, kin ga inda doguwar hanya ke cizo.

Sannan makin yana taruwa har ƙarshe. A digiri mai zango takwas masu nauyi ɗaya, wadda ta yi 2.50 a zango biyun farko tana buƙatar 3.83 a kowane ɗaya daga shidan da suka rage kafin ta fita da 3.50. In 4.50 take nema, sai ta yi 5.17, abin da ma'aunin bai kai ba. Tun tana aji ɗaya ƙofar ta rufe. Kwas ɗin da aka faɗi kuma yana dawowa baɗi ya hau kan sababbi, wani lokaci jadawalinsu ya yi karo.

Kuɗi ba zan daɗe a kansa ba. Ranar da ya shigo ki fitar da na dole, ki ware kashi ɗaya cikin goma don ciwo ko lalacewar waya, sauran ki raba shi mako-mako, ba wata-wata ba. Ba babban sayayya ke cinye kuɗin ɗalibi a birni ba, data ce da fotokwafi da tasin da aka ɗauka don an makara. Ki rubuta duk abin da kika kashe na mako biyu, za ki ga ramin da idonki. Aikin neman kuɗi a bar shi sai zango na biyu. Ingila awa 20 a mako ta yanke wa ɗaliban digiri 'yan ƙasashen waje lokacin karatu, ni kuwa ga 'yar aji ɗaya ko rabin haka ina ganin ya isa. Ki rubuta lambar masu tsaron jami'a da ta asibitinta da ta gwaggo a takarda cikin jaka, don ranar da waya ta ɓata ko ta mutu ita ce ranar da ake buƙatarsu.

Inda wannan lissafi bai kai ba

Na yi shi ne a kan ɗaliba mai lafiya, marar ɗawainiyar kowa, mai kwas na lacca. Mai karatun likita ko injiniya ko zanen gine-gine tana da awannin ɗakin gwaje-gwaje da na asibiti da suka wuce abin da yunit ke nunawa, ita kusanci ya fi zama dole. Mai aure ko mai goyo ko mai larurar da ke buƙatar kulawa, zama cikin dangi na iya rinjayar duk awannin da na ƙirga. Dokar halarta da ma'aunin maki da ƙa'idar hostel kuma kowace jami'a da nata, littafin jagoran ɗalibai da za a ba ki shi ne hukunci, ki karanta shi da biro a hannu. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In Baba ya ce aljihu ba zai ɗauki hostel ba, magana ta ƙare, sai a gyara zaman gidan gwaggo: shi da kansa ya yi mata bayanin lokutanki tun kafin ki tare, a yanke miki aikin gida sananne a ƙarshen mako maimakon na kullum, ki fita da sassafe kafin hanya ta cushe ki yi karatun safe a jami'a, ki gama na ranar a can kafin ki kamo hanya, don abin da aka ce sai an je gida ba a cika yin sa ba.

Amma kafin a kai nan, kina da mako uku. Ki sake bin hanyar a ranar aiki, ki fita ƙarfe 6 da rabi na safe, ki dawo ƙarfe 5 na yamma, ki yi haka kwana biyu. Ki rubuta lokacin fita da na isa da abin da kika biya a kowace mota. Ki ninka kuɗin da kwanakin zango, ki ƙara na abincin rana, ki ajiye shi gefen kuɗin hostel a takarda ɗaya, ki kai wa Baba cikin ladabi ya gani da idonsa. Damuwarsa ba kuɗi kaɗai ba ce, yana so ido ya kasance a kanki, don haka ki zo masa da tsaka-tsaki: kwanakin karatu a hostel, ƙarshen mako a wurin gwaggo, sunanta kuma a takardar jami'a a matsayin wadda za a kira in wani abu ya taso. Ki riƙa komawa hostel ranar Lahadi da la'asar, kada ki bari sai safiyar Litinin.